Yadda ake ware wa kanel ɗin ceto memori tun kafin na'ura ta faɗi

Idan ka taɓa zama gaban na'urar da kanel ɗinta, wato zuciyar tsarin aikin da ke juya komai, ya yi fanik, wato ya ci karo da kuskuren da ba zai iya ci gaba ba, ta sandare ƙam, ka kashe ka kunna ka buɗe log kaga babu ko layi ɗaya da zai gaya maka me ya faru, toh ka san ciwon da nake magana a kai. Kuma ba laifin kanel ɗin bane, wanda ya rikice ba zaka ce masa ya zauna ya rubuta maka rahoto a diski ba, mai yiwuwa ma direban diskin ne ya jawo faɗuwar, ko kuma wani makulli ne aka riƙe wanda ba za a taɓa saki ba. Shi yasa a Linux aka kawo dabarar ajiye kanel na biyu a gefe, yana kwance a cikin memori baya yin komai, sai ranar da na farko ya faɗi sai ya miƙe ya kwashe duk abin da ke cikin RAM ya zuba a fayil. Wannan shine kdump, yana tafiya ne a kan kexec, hanyar tayar da wani kanel kai tsaye daga cikin wanda ke aiki, wanda Eric Biederman ya rubuta, dukkansu sun shiga kanel tun 2.6.13 a shekarar 2005. Amma abin da yafi kayar da mutane ba kdump ɗin kansa bane, memorin da ake ware masa ne, nawa ne, a ina, kuma ya isa ko bai isa ba. A nan zamu tsaya.

Ka fara gane dalilin da yasa sai a butin ake warewa

Kar ka tsallake wannan dan Allah, domin in ka gane shi sauran duk zasu zo maka da sauƙi. Dalilai biyu ne. Na farko kanel na biyu yana son memori mai haɗe da juna, guntu guda ba tsinke-tsinke ba, toh da zarar na'ura ta tashi ta fara aiki memori ya riga ya yayyage, mai rabon shafuka na Linux a x86 babban abin da yake iya baka a dunƙule 4MB ne kawai, kai kuma kana neman ɗaruruwa. Saboda haka sai an cafke wurin tun da sanyin safiyar butin, lokacin da memblock, mai rabon farkon butin, ne kaɗai ke rabon memori, kowa bai farka ba.

Dalili na biyu shine wanda yafi ɗaukar hankalina. Lokacin da kanel ya faɗi, firosesa ce ta tsaya, amma katin netwok da katin diski basu san an yi rasuwa ba, suna nan suna ci gaba da zuba data kai tsaye cikin RAM ta hanyar DMA a adireshin da aka basu tun farko. Yanzu ka ɗauka ka ɗora sabon kanel a wurin da katin netwok ke zuba fakiti, kafin ya gama tashi an tattake shi. Shi yasa dole wurin ya zama wanda kanel na farko bai taɓa baiwa kowa ba ko sau ɗaya, babu direban da ya san adireshinsa balle ya miƙa wa wani kati. Kuma wannan ne yasa memorin yake zama kamar asara, zaka ga na'ura mai 16G tana nuna maka ƙasa da haka, kana kallo ba ka isa ka taɓa ba. Haka abin yake, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na ɗaya: duba ko kanel ɗinka ma ya iya

In kanel ɗin rarrabawa kake amfani da shi kamar na Ubuntu ko Fedora ko Debian, kusan kullum an riga an kunna komai. In kai ka haɗa naka, sai ka duba:

grep -E "KEXEC|CRASH_DUMP|PROC_VMCORE|RELOCATABLE|DEBUG_INFO" /boot/config-$(uname -r)

Kana son ganin CONFIG_KEXEC ko CONFIG_KEXEC_FILE, da CONFIG_CRASH_DUMP, da CONFIG_PROC_VMCORE, da CONFIG_RELOCATABLE duk suna kan y. Wannan na ƙarshen shine ke bari kanel guda ya tashi daga duk adireshin da aka ajiye shi, wato ba sai ka haɗa wani daban na ceto ba, wanda kake gudu da shi ɗin ya isa. DEBUG_INFO kuma ba dan warewa bane, dan ranar da zaka buɗe gawar, wato fayil ɗin memorin da aka kwashe, ka karanta ne, in babu shi zaka samu fayil ƙato amma ba sunayen komai a ciki.

Sai kayan aiki. A Ubuntu linux-crashdump zaka girka, a Debian kdump-tools, a gidan Red Hat kuma kexec-tools, a sababbin sigoginsu har da kdump-utils, ka tabbata makedumpfile, manhajar da ke kwafe memorin zuwa fayil, ya shigo tare.

Mataki na biyu: nawa zaka ware

Nan ne gardamar take. Mutane da yawa suna ɗauka lissafin ya rataya ne kan yawan RAM, wai in RAM ya ninka sai ka ninka abin da ka ware. Gaskiya ba haka bane sosai. Kanel na biyu baya ganin RAM ɗinka duka a matsayin nasa, ɗan ɗakin da ka ware masa kawai yake gani, a cikinsa zai kwance kansa, ya kwance initramfs, wato ɗan ƙunshin fayilolin da kanel ke fara aiki da su a butin, ya loda direbobi, ya gudanar da makedumpfile. Toh abin da ke cinye wurin shine waɗannan.

Initramfs a matse yake a diski amma in aka kwance shi cikin memori yake zama gaba ɗaya, ya kan ninka girmansa, kuma akwai ɗan lokacin da matsattsen da kwantaccen duk suna ciki tare. Direbobin manyan katunan netwok da na ma'ajiya kuma kowanne yana buɗe layuka da bafa da yawa da zarar an loda shi, bai damu da cewa a ƙuntataccen wuri yake ba. In zaka tura fayil ɗin ta netwok ne da NFS ko SSH, ka ƙara kayan netwok a lissafi. In diskinka a rufe yake da LUKS2, tsarin ɓoye datar diski da kalmar sirri, toh nan kam sai ka yi hattara, argon2 da yake amfani da shi wajen buɗe makulli da gangan aka gina shi ya ci memori, yana iya neman har 1G shi kaɗai, kaga 256M ɗinka ko ƙofa ba zai buɗe ba.

Inda yawan RAM yake shigowa shine wajen makedumpfile, yana riƙe bit biyu a kan kowane shafi mai 4K dan ya san wanda zai ɗauka da wanda zai bari. Ka yi lissafin da kanka, 1TB na RAM zai ci 64MB kenan. Ba wani abin tashin hankali bane, kuma ma ya iya yin aikin kashi-kashi in wuri ya yi masa kaɗan, sai dai ya ɗan jima.

In kana son inda zaka fara, ga abin da RHEL 9 ya fito da shi na x86_64: 192M ga na'ura mai 1G zuwa 4G, 256M daga 4G zuwa 64G, 512M daga 64G zuwa sama. Ni dai a kwamfuta ta yau da kullum da 256M nake farawa, a saba mai katuna da yawa 512M, in gwaji ya nuna akwai rara sai in rage. Ka fara da yawa ka sauko, kar ka fara da kaɗan kana hawa, zaka ga dalili a gaba. Masu RHEL da Fedora suna da kdumpctl estimate da ke basu ƙiyasi, yana taimakawa amma ƙiyasi ne sunansa.

Wani abu kuma, zaka ci karo da crashkernel=auto a tsofaffin bayanai a intanet. Wannan faci ne na Red Hat a RHEL 7 da 8, bai taɓa shiga ainihin kanel ba, su ma sun daina amfani da shi a RHEL 9. In ka rubuta shi a kanel ɗin da ka haɗa da kanka babu abin da za a ware maka.

Mataki na uku: yadda ake rubuta crashkernel=

Mafi sauƙi shine ka faɗi girma kawai ka bar kanel ya nemo wuri:

crashkernel=256M

A x86_64 na yanzu zai fara nema a ƙasa da 4G, in bai samu ba ya hau sama. Da can baya haka, iyakarsa 896M ce, shi yasa a tsofaffin kanel in ka nemi babban wuri sai kawai ya ce maka bai samu ba alhali RAM na nan jibge. Kuma yana jera farkon wurin ne a kan 16M a x86, 2M a arm64.

In kana da na'urori iri-iri kuma layi ɗaya kake son rabawa dukkansu, sai ka yi amfani da zango:

crashkernel=1G-4G:192M,4G-64G:256M,64G-:512M

Farkon zango yana ciki, ƙarshensa baya ciki, wato mai 4G cif a zango na biyu yake faɗawa. Wanda bai kai 1G ba kuma ba a ware masa komai. Ga wani tarko a nan, RAM ɗin da kanel ke gani ba shine wanda aka rubuta a jikin kwali ba, famwaya tana yankar nata, katin hoto ma wani lokacin ya yanki nasa. Kanel yana ɗan cike lissafin zuwa 128M na gaba dan rage wannan matsalar, amma in abin da aka yanka ya wuce haka sai na'urarka mai 4G ta faɗa zangon ƙasa ta samu 192M kai kana zaton 256M ne. Kar ka ɗora iyakar zango daidai kan girman RAM ɗin da ka san kana da shi, ka ɗan sauko da ita.

Akwai mai alamar @ inda kai zaka faɗi adireshin da kanka, misali crashkernel=128M@16M. Wannan na zamanin da kanel baya iya tashi sai daga adireshi ɗaya ne. Yau shawarata ka rabu da shi, in dai ba ƙaramin allo kake aiki a kai ba wanda ka san taswirar memorinsa kamar tafin hannunka, domin KASLR, dabarar tsaro da ke canza adireshin kanel a kowane butin, na iya ajiye kanel na farko a daidai wurin da ka nuna, ko butloda ya sauke initramfs a can, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, ka rasa dalili.

Sai high da low:

crashkernel=512M,high crashkernel=256M,low

Memorin ƙasa da 4G ɗan kaɗan ne kuma kowa na rububinsa, toh high yana cewa ɗauki babban kason daga can sama. Amma kanel na biyu ba zai rayu da sama zalla ba, akwai na'urorin da DMA ɗinsu bai wuce bit 32 ba, su da swiotlb, bafar da kanel ke bi ta ciki dan taimaka musu, wanda shi kaɗai 64M yake ɗauka, dole a basu wani abu a ƙasa. In ka rubuta high baka rubuta low ba, kanel zai ware da kansa, aƙalla 256M a x86, 128M a arm64. Ka lura da wannan sosai domin wanda ya rubuta 512M,high a x86 a zahiri 768M ya bayar. In ka tabbata babu mai buƙatar ƙasa, crashkernel=0,low yana kashe shi, amma kar ka yi sai ka gwada. Kuma kar ka haɗa crashkernel=256M da mai high a layi ɗaya, mara high ɗin ne zai ci, a yi watsi da ɗayan. In kuma iri ɗaya ka maimaita sau biyu na ƙarshe ake ɗauka, wanda hakan yana faruwa fiye da yadda kake zato saboda kunshin kdump yakan saka nasa ba tare da ka sani ba.

A kanel 6.17 na 2025 an ƙara crashkernel=girma,cma a x86, wanda ke bari manhajoji su riƙa aron wurin kafin ranar faɗuwa dan kar ya zauna a banza. Dabara ce mai kyau amma ƙari ne a kan warewar asali ba madadinta ba, kuma duk datar manhajar da ke zaune a wurin kanel na biyu zai tattake ta, ba zaka same ta a fayil ba. In kanel zalla kake bincike babu damuwa.

Mataki na huɗu: saka shi, yi ribut, ka tabbatar da idonka

A Debian da Ubuntu ka buɗe /etc/default/grub ka ƙara a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, amma fa ka leƙa /etc/default/grub.d/kdump-tools.cfg tukun domin nan kunshin yake ajiye nasa, gara ka gyara can ɗin kawai. Sai update-grub. A Fedora da RHEL:

grubby --update-kernel=ALL --args="crashkernel=256M"

Ribut dole ne, babu wata hanya. Bayan na'urar ta dawo abu huɗu zaka duba:

cat /proc/cmdline
dmesg | grep -i crashkernel
sudo grep -i "crash kernel" /proc/iomem
cat /sys/kernel/kexec_crash_size

Na farko dan kaga layinka ya iso kuma sau ɗaya ya fito. A dmesg kana neman layin da ke cewa an ware megabait kaza a adireshi kaza. In kaga "cannot allocate crashkernel", ko a tsofaffin kanel "crashkernel reservation failed - No suitable area found", babu dunƙulallen wuri mai girman da ka nema, ka rage ko ka koma high. In kaga "memory is in use" toh @ ɗinka ne ya faɗa kan wani. Shi /proc/iomem sai da sudo, in ba haka ba sifili-sifili zai nuna maka a wurin adireshi ka ɗauka wani abu ya lalace, in da high ka yi zaka ga layi biyu. Na ƙarshe da bait yake magana, 256M zai fito 268435456, in kaga 0 ba a ware komai ba, ka koma baya.

Mataki na biyar: ɗora kanel na biyu a wurin

Ware wuri daban, saka kanel a ciki daban. Sabis ɗin kdump ke yin wannan, systemctl enable --now kdump a gidan Red Hat, kdump-tools a Debian da Ubuntu. Amma yana da kyau ka yi da hannu ko sau ɗaya dan ka ga abin da ke ƙarƙashi:

kexec -p /boot/vmlinuz-$(uname -r) --initrd=/hanyar/initramfs --append="root=/dev/sda2 irqpoll nr_cpus=1 reset_devices"

Ka canza root ɗin zuwa naka. Harafin -p na nufin a ajiye sai ranar fanik. In Secure Boot a kunne yake ka ƙara -s dan ya bi ta kexec_file_load, wanda ya shigo a 3.17 kuma yake duba sa hannun kanel. Sannan cat /sys/kernel/kexec_crash_loaded ya baka 1.

Waɗannan kalmomi uku na append kowace da aikinta. reset_devices na gaya wa direbobi kar su yarda da halin da suka samu kati, su sake saita shi daga farko. irqpoll dan katsewar da tsofaffin na'urori ke ta aikowa ne babu mai amsa musu. nr_cpus=1 kuma kai tsaye maganar memori ce, ya fi maxcpus=1 domin maxcpus hana sauran firosesa tashi kawai yake amma an riga an ware wa kowacce kasonta, nr_cpus kuwa tun farko ɗaya ake lissafawa, a saba mai zare ɗari da wani abu bambancin ba kaɗan bane.

Bari in baka labarin yadda na sha kunya a nan. Wata saba ce da ake gudanar da rumbun data a kanta, layin butin ɗinta akwai hugepages=1024, ni kuma dan ƙiwa na yi kexec -p da --reuse-cmdline na kwaso layin kanel na farko gaba ɗaya. kexec_crash_loaded ya nuna 1, /proc/iomem lafiya lau, na tafi abina ina jin na gama. Ranar da ta faɗi da gaske, kanel na biyu ya tashi cikin ɗan ɗakinsa ya ga an umarce shi ya ware manyan shafuka dubu da ashirin da huɗu masu 2M kowanne, ya kama kwasa iya ƙarfinsa har babu abin da ya rage wa initramfs, mai kashe manhajoji saboda ƙarewar memori ya bi kowa ya kashe, shima ya yi fanik. An gudu ba a tsira ba. Folda /var/crash wayam, matsalar da muke farauta kuma ta tafi da shaidarta. Daga baya na buɗe /etc/sysconfig/kdump na wata na'ura naga ashe masu kunshin sun daɗe da sanin wannan, akwai layin KDUMP_COMMANDLINE_REMOVE da ke cire hugepages da hugepagesz da slub_debug da log_buf_len da swiotlb. Duk wani abu da ke cewa kama memori mai yawa a butin, kar ya bi ka zuwa kanel na biyu.

Mataki na shida: kayar da ita da gangan

Wannan shine matakin da ake gudu kuma shine gaba ɗaya aikin. Lambar 1 da ka gani a kexec_crash_loaded cewa kawai take kanel da initramfs sun shiga wurin a matse, bata ce zasu iya numfashi a ciki ba. Ka zaɓi lokacin da babu mai amfani da na'urar, ka adana komai, sannan a matsayin root:

sync
echo 1 > /proc/sys/kernel/sysrq
echo c > /proc/sysrq-trigger

Nan take zata faɗi. Abin da ke faruwa a ciki shine panic ya kira __crash_kexec, a aika wa sauran firosesa NMI, wato katsewar da ba a iya toshewa, su ajiye rijistocinsu su tsaya, a yi tsalle zuwa wani ɗan guntun kod da ake kira purgatory wanda zai duba SHA-256 na abin da aka ɗora dan tabbatar da ba a taɓa shi ba, sannan kanel na biyu ya tashi. An bashi elfcorehdr, wato taswirar inda tsohon memori yake, da ita yake gina /proc/vmcore, makedumpfile ya karanta daga nan ya rubuta a /var/crash, na'ura ta yi ribut.

Ka nemi siriyal konsol kafin ka yi wannan, console=ttyS0,115200 a layin kanel na biyu, ko konsol ɗin nesa na sabar, domin allo sau da yawa baƙi yake zama bayan tsallen, katin hoto na cikin halin da kanel na farko ya barshi, kai kana zaune baka san ko aiki ake ko mutuwa aka yi ba. In kanel kake haɓakawa ma ka fara a QEMU da -nographic, ka kayar sau ashirin babu wanda zai ji.

Ta dawo ka leƙa /var/crash. Kaga vmcore da fayil ɗin dmesg, buɗe vmcore ɗin da manhajar crash tare da vmlinux, wato fayil ɗin kanel mai alamomin dibog, ka buga bt, in kaga sysrq_handle_crash a jerin kira toh kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

In bai yi ba, da kuma yadda ake ragewa

A konsol zaka gane. "Out of memory" ko gazawar kwance initramfs na nufin wuri ya yi kaɗan. Kafin ka ƙara, fara rage kaya tukun: ka buɗe initramfs na kdump da lsinitrd ko lsinitramfs ka ga me ke ciki, direban katin hoto da famwayarsa da na sauti da na waya-fai duk basu da aiki a nan, diskin da zaka rubuta a kai kawai kake buƙata. In da dracut aka haɗa shi, rd.memdebug a layin kanel na biyu zai riƙa nuna maka memorin da ya rage a kowane mataki, kaga wanda ya cinye. In kuma ƙorafin swiotlb ko DMA kake gani alhali jimillar tana da yawa, toh low ne ya gaza ba high ba, ƙara high ko nawa ne ba zai yi magani ba.

Kar ka manta da inda fayil zai sauka shima. makedumpfile -l -d 31 ne abin da aka saba, 31 ɗin jimillar 1 da 2 da 4 da 8 da 16 ce, wato a bar shafukan sifili, da kash (cache) iri biyu, da datar manhajoji, da shafukan da babu kowa a kai, -l kuma matsewa da lzo. makedumpfile --mem-usage /proc/kcore zai baka hoton girman tun na'ura na raye.

Yanzu dalilin da nace ka fara da yawa. Ana iya rage wurin ba tare da ribut ba amma ba a iya ƙarawa. Ka sauke kanel ɗin ceto tukun da kexec -p -u domin ba zai yarda ba in yana ɗore, sannan:

echo 201326592 > /sys/kernel/kexec_crash_size

Wannan ya mayar da shi 192M, ragowar ta koma hannun kanel na farko nan take, kuma ta tafi kenan sai wani butin, domin an riga an fara rabawa mutane. Sai ka sake ɗorawa ka sake kayarwa. Inda ya fara gazawa ka koma sama da shi ka bar rara mai kauri, saboda faɗuwar gaske tafi ta gwaji datti, katuna na tsakiyar aiki. Kuma duk ranar da ka canza babban sigar kanel, ko ka ƙara kati, ko ka mayar da wurin ajiya daga diski zuwa netwok, tsohon gwajinka ya tashi aiki, sai sabo.

Ga mai rubuta wannan a cikin kanel da kansa

In sabon tsarin firosesa kake kai wa Linux ko naka tsarin kake ginawa, jerin aikin shine abin kula. Linux na karanta layin da parse_crashkernel, ya kama wurin da memblock_phys_alloc_range, ya rubuta shi a crashk_res da crashk_low_res, ya saka a bishiyar iomem dan kexec-tools ta gani. Tun 6.7 an tattara yawancin wannan a reserve_crashkernel_generic dan kar kowane tsari ya riƙa maimaita nasa.

Lokacin kiran shine sirrin. Sai bayan ka gama sanin taswirar RAM daga e820 ko EFI ko bishiyar na'urori, kuma bayan an killace kanel kansa da initramfs da teburan famwaya, in ba haka ba zaka ware wurin da wani ke zaune. A x86 har sai an karanta teburin SRAT ake yi, dan kar wurin ya faɗa kan memorin da ake iya zarewa na'ura na aiki. Amma kuma dole ya zo kafin memblock ya miƙa ragowar ga mai rabon shafuka, in ka makara shikenan.

Bayan an ɗora kanel na ceto ka kulle wurin, x86 na mayar da shi na karatu kawai, arm64 cire shi yake daga taswira gaba ɗaya, domin kanel ɗin da ke haukar rubutu a adireshin banza shine dai wanda kake son kamawa, kar ya fara da mai cetonsa. Kuma a hanyar fanik kar ka nemi memori, kar ka jira makulli, kar ka kwafi komai, shi yasa ma kexec na fanik ya bambanta da na yau da kullum, na kullum yana ajiye guntaye a warwatse sai lokacin tsalle ya jera su, na fanik kuwa tun ranar ɗorawa kowane guntu yana mazauninsa na ƙarshe, kuma kanel zai ƙi karɓar duk wanda ya leƙa waje da crashk_res. Sai ka gaya wa kanel na biyu iyakarsa, a x86 da taswirar e820 da aka gyara wadda wurin da aka ware kaɗai take nunawa a matsayin RAM, a arm64 wanda ya samu kdump a 4.12 kuma da linux,usable-memory-range da linux,elfcorehdr a ƙarƙashin /chosen. In ka manta wannan zai tashi lafiya ƙalau, ya ɗauka RAM duka nasa ne, ya fara rabawa a kan tsohon memorin, ka buɗe vmcore ka tarar da rabin abin da ke ciki nasa ne ba na wanda ya faɗi ba.